Yadda Na Ɗauko Sifikokin Maradun

Tun da na dawo, ba na zama a majalisarmu ta ƙofar shagon tela ba tare da wani ya ce, "Malam Haruna, wai ya aka yi ne a Maradun?" Na faɗa wa wannan, na faɗa wa wancan, kowa ya tafi ya ƙara nasa gishirin, har shekaranjiya na ji wani yana ba da labarina a gabana, wai motar soja ce ta rako ni gida. To, ga shi daga bakina, ko na huta.

Ga wanda bai san ni ba, aikin gidan rediyo na yi har na ajiye, a ɓangaren ɗaukar sauti. Ba ni ne mai magana ba, ni ne wanda ke zaune bayan gilashi da abin ji a kunne. Da na dawo gida Talata Mafara na zo da kwalaye cike da kiɗe-kiɗen da na ɗauka da hannuna a kasuwanni da wuraren biki. Na gyara ɗakin da ke ƙuryar gidana, na toshe taga ɗaya, na shimfiɗa darduma mai kauri, na rataya gwado a bango don kada sauti ya riƙa dawowa. Amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ina da ita. Sifikar da ta dace da ita ce babu.

Da ba na gaggawa. Sai likita a Sakkwato ya duba ni ya ce kunnena na hagu ya fara sauka, na dama kuma zai bi shi, ba yau ba, ba gobe ba, amma zai bi. Tun ran nan na ce kafin a rufe mini ƙofar, sai na ji aikina yadda ya kamata a ji shi.

Wani tsohon abokin aikina ya ba ni labarin mutum biyu da ke son rabuwa da nasu. Ɗaya a Bakura, wani dattijo injiniya mai ƙananan sifikoki. Ɗaya a Maradun, wani dillalin shanu mai manya. Da na faɗa wa matata Rakiya, ta ajiye muciya ta dube ni.

"Bakura dai ka tafi, Malam. Maradun kam ban yarda ba. Damina ce, dawa ta rufe hanya."

Na ce mata to. A lokacin har zuciyata Bakura kawai nake nufi.

Ƙaninta Garba ne ya ɗauke ni a a-kori-kurarsa da yake jigilar albasa. Ba mu faɗa wa kowa lokacin tashi ba, don yanzu haka ake tafiya a ƙasarmu, mutum ya yi sallama da iyalinsa kaɗai, maƙwabci sai dai ya ga babu shi a masallaci. Hanyar Bakura ba ta ba mu wahala ba, in ban da wani kududdufi da ya riƙe tayar baya. Garba ya fito yana waige-waige, yana cewa, "Yaya, tura da ƙarfi, nan ba wurin tsayawa ba ne." Wasu manoman shinkafa suka fito daga fadama suka sa mana kafaɗa. Da motar ta fita ta watsa mini laka tun daga hula har takalmi. Haka na shiga Bakura, mai neman kayan alfarma, kamar wanda aka tono daga rami.

Sunan dattijon Baba Ummaru. Ya yi aikin hanyoyin ruwan noman rani tun lokacin da ake gina madatsar Bakolori, a wurin Turawan da suka yi aikin kuma ya koyi zama a saurari kiɗa. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya da ruwa da iyali, ya ba ni riga na sauya, sannan ya kai mu ɗakin.

Gidan nan yana da dokokin da ban taɓa gani ba a Mafara. Takalmi a waje, wannan kowa ya sani. Amma waya ma a waje, cikin wata ƙwarya da ya ajiye bakin ƙofa. Kujera ɗaya ce tak a ɗakin, a tsakiya, kuma ta mai saurare ce, ko da mai gida ya girme shi. Mu a gida in an kunna kiɗa, lokacin hira ta fara ke nan, wani na musu, wani na amshi. Nan kuwa ko tari sai ka riƙe. Garba ya zauna a ƙasa ya ɓantari goro, Baba Ummaru ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Haka ya zauna da goron a kumatu bai tauna ba.

Sifikokin ba su fi kamu ɗaya da rabi ba, na katako mai ruwan ƙasa, kowace a kan ƙafar ƙarfe da aka cika da yashi. Na jona 'yar na'urar da na juye faya-fayaina a ciki, na zaɓi wanda na fi sani. Kiɗan kalangu ne na mahauta, na ɗauka ina saurayi ranar da aka naɗa wani sarkin pawa a garinmu. Mahaifina mahauci ne, yana wurin ran nan.

Na sha jin faifan nan har na haddace shi, amma ban taɓa jinsa haka ba. Na ji yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata, fatar tana miƙewa kafin ta yi magana. Na ji wuƙa tana bin dutsen wasawa can baya. Sai daga hagu, kusa da bango, wani ya yi dariya, gajeriya, mai ƙarewa da tari. Dariyar mahaifina ce. Shekara da shekaru tana cikin faifan ban san tana nan ba. Can gaba maharba suka yi harbin murna da bindigoginsu na gargajiya, ƙarar ta fito 'yar daidai, kamar ana buga ƙofa a gidan maƙwabta.

Faifan ya ƙare, na kashe na'urar. Baba Ummaru ne ya fara magana.

"Ka ji abin da suka iya. Bari in faɗa maka abin da ba su iya ba, kada ka zage ni bayan na tafi. Ba su da ciki. Babbar ganga ba za ta taɓa girgiza maka ƙirji ba."

Gaskiya ya faɗa, ni ma na lura. Gangar da ke riƙe kiɗan daga ƙasa ta fito siririya, kamar an rage mata abinci.

Na tambaye shi dalilin sayarwa. Ya ce ɗiyarsa ta matsa ya koma wurinta Sakkwato, ta ce ɗaki ɗaya ne za ta ba shi, kuma jikoki ne cike da gidan. "Gara su tafi inda za a zauna musu shiru." Sannan ya ce, "An ce akwai na Maradun. Ni ban ji su ba. Amma na san irinmu. In ba ka ji su ba, za ka zauna gaban nawa kana tunanin nasu."

Maganar nan ce ta kai ni Maradun.

A gidansa muka kwana. An kawo tuwon sabuwar shinkafa da miyar kifi, irin kifin da ba ya isowa Mafara sai ya sha rana. Garba ya ci har ya kwance maɓallin riga. Sauron Bakura kuwa, namu na gida almara ne a kansa, ga kwaɗi da ba su san gajiya ba. Da safe aka ba mu koko da hoce, Baba Ummaru ya rako mu har mota, ya ce zai ajiye mini su har in yanke shawara.

Daga Bakura in za ka Maradun sai ka ratsa ta Mafara. Da muka zo mararrabar da ke shiga unguwarmu Garba ya rage gudu.

"Yaya, in juya?"

"Miƙe. Ji kawai za mu yi mu dawo kafin la'asar."

Ya dube ni, ya dubi hanya. "In Yaya Rakiya ta tambaye ni, cewa zan yi kai ka sa ni."

A bakin gari muka tarar da motoci sun yi layi. Ba wanda ke shiga hanyar shi kaɗai, sai an taru, sannan a tashi tare, kowa na bin ƙurar na gabansa. Wata mai fura da ke zaune wurin ta ce mana jiya lafiya lau aka wuce, shekaranjiya ce dai ba ta yi kyau ba. Ba ta ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da aka tashi, Garba ya kashe rediyon motar. Dawa ta yi tsawo dama da hagu, ta fi mota. Wasu gonakin an nome su tsaf, wasu ciyawa ta cinye, ka san mai su bai samu zuwa ba. Can tsakiyar hanya na duba wayata, babu sabis.

Maradun gari ne na mutane masu karamci, ina da abokai 'yan can tun muna makaranta. Amma wahala ta koya musu wata al'ada. Duk wanda muka tambaya gidan Alhaji Mande, dillalin shanu, sai ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi hanya da mutanen Mafara, sannan ya ce bai san shi ba. Mai shayi bai san shi ba. Mai faci bai san shi ba. Idanunsu kuwa na kan jakar da ke kafaɗata. A Mafara ka ambaci sunan mai kuɗi, mutum goma za su nuna maka ƙofarsa. Nan ba a nuna wa baƙo gidan mai hali, don ba a san wanda ya aiko shi ba.

Sai da na je tukubar wani mai tsire, na faɗa masa ni ɗan wane ne a rumfar mahautan Mafara, na lissafa masa kawunnaina, sannan ya goge hannu ya ce, "Ai sai ka faɗi tun farko." Shi ya kai mu da kansa.

Alhaji Mande mutum ne ƙato mai fara'a, muryarsa ta saba da kara, kasuwar shanu, ba ya magana a hankali. Ya sa aka kawo mana fura da nono, ya ce ba maganar kaya sai mun sha. Garba ya shanye tasa ya ce zai koma wurin mota, hankalinsa bai kwanta da barinta a titi ba.

Sifikokin suna falo. Na tsaya kusa da ɗaya, ta kai mini kafaɗa. Baƙaƙe ne wul, suna ƙyalli kamar sabuwar mota, an tura kowace kusurwa an ɗora mata furen roba. Ya ce a Dubai ya gan su a wani shago, suka shiga ransa, ya sa aka yo masa jigilarsu.

"Ban fi kunna su a sallah ba," in ji shi. "Yanzu kuwa iyali na kwashewa Gusau kaɗan-kaɗan. Kaya masu ɗaukar ido ba na wanga lokaci ba na."

Na roƙe shi muka jawo su daga bango, na cire furannin, na jona na'urata. Ya sa aka ta da janareta. Zafi ake yi, tagogin falon duk a buɗe, suna kallon titi. Na sa faifan kalangun nan na jiya don in gwada su da abu ɗaya.

Jama'a, gangar da na rasa a Bakura tana Maradun. Bugun farko a cikina na ji shi kafin kunnena. Falon ya zama filin kasuwa, kofunan da ke cikin kabad suka fara rawa. Na kasa kunne wajen hagu ina jiran dariyar nan. Ta zo, amma a nutse, ganga ta danne ta, ba don na san wurinta ba da ban kama ta ba. Ina cikin auna wannan da wancan, Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai ba ka ji komai ba tukun!" Ya kai hannu ya murɗa makunnin sautin har ƙarshe.

A daidai lokacin na tuna abin da ke gaba a faifan. Na yunƙura, ban kai ba.

Bindigogin maharba suka tashi. Abin da ya yi kamar bugun ƙofa a Bakura, nan ya fito kamar a tsakar gidan ake harbi, ɗaya bayan ɗaya, tagogi na karkarwa. Kafin in fizge wayar wuta daga bango, titi ya riga ya ɗauka. Na ji mace ta kurma ihu, "Sun shigo! Sun shigo!" Na ji ƙofofin shaguna na faɗuwa, babura na tashi, ƙafafu na gudu ta ko'ina, ana kiran sunayen yara. Alhaji Mande ya tsaya da hannunsa a kan makunnin, bakinsa buɗe.

Ba a daɗe ba 'yan banga suka banko ƙofar gidan. Suka fito da mu waje. Garba na gani farko, durƙushe kusa da motarsa, an ɗaure masa hannu ta baya, kumatunsa ya kumbura. Baƙo ne, tsaye da mota a ƙofar gidan da harbi ya fito, ba wanda ya tsaya jin ta bakinsa. Wani ya zazzage jakata a ƙasa. Wayoyi suka zubo, da abin ji na kunne, da 'yar na'urar tana ƙifta koriyar wuta.

"Ga ta nan! Da ita yake kiran su!"

"Infoma na!"

Waɗanda suka gudu sun fara dawowa, kuma sun dawo da sanduna. Na ga mai shayin da ya ce bai san Alhaji ba, yana faɗa wa mutane tun safe muke yawo muna tambayar gidan. Gaskiya yake faɗa, kuma gaskiyar tana kashe ni. Na san abin da kalmar nan take jawowa, na san taro ba ya jiran alƙali. Wani dutse ya daki ƙofar motar kusa da kan Garba.

Sai Alhaji Mande ya shiga gabana. Ya buɗe hannuwansa, ya saki muryar nan tasa ta kara.

"Baƙona na! Ni na kira shi! Ni na murɗa abin da hannuna! Wanda zai taɓa shi ya fara da ni!"

Shugaban 'yan bangar wani dogo ne marar yawan magana, da bindiga a rataye. Ya ɗaga hannu aka ɗan lafa. Ya ce, "Alhaji, kunnuwanmu sun ji harbi. Ka ce akwati na. To, akwatin ya sake yi mu gani."

Na roƙe shi abu ɗaya, ya sa a sanar wa mutanen waje tukuna, kada a sake gudu. Ya tura mutum. Muka koma falo, shi da mutanensa tsaye a kaina. Na mayar da wayar wuta na jona. Na rage sautin ƙasa sosai, na kai faifan wurin. Kalangu ya yi magana, maroƙi ya yi kirari, sannan bindigogin suka tashi, ƙanana, daga cikin baƙin akwati.

Ba wanda ya yi dariya. Dogon ya ce in sake, na sake. Ya zagaya bayan sifikar ya leƙa, ya dawo.

"A kwance direban," ya ce. Sannan ya juyo gare mu. "Kun san Inna Kulu mai ƙosai ta faɗi wajen gudu? Hannunta ya karye. Alhaji, girmanka ya sa na tsaya nan. Amma abin nan ba ya ƙara kwana biyu a garin nan. Gobe ya fita."

Muka je gaida tsohuwar, ni da Alhaji. Mun same ta an ɗaure mata hannu da karare, jikokinta zagaye da ita. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ban san ma me nake faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, tashi. Yau dai mun yi gudu mun dawo mun iske kowa. Allah ya sa duk gudunmu ya zama irin wanga." Na fito daga ɗakin nan ban iya duban kowa ba.

La'asar ta wuce, hanya ta rufu, dole muka kwana. Alhaji ya sa aka gasa mana nama, ya yi ta ba Garba haƙuri. Garba ya karɓi haƙurin Alhaji, ni kuwa ko kallona bai yi ba. Babu sabis balle in kira Rakiya. Alhaji ya ce, "Malam, ka ji hukunci. Ni ba ni da motar da za ta kai su Gusau gobe. Tafi da su, ka gwada a ɗakinka. In sun yi maka, mu yi magana. In ba su yi ba, ka maido in hanya ta yi kyau."

A raina na riga na zaɓi na Bakura. Amma mutumin da ya tsaya gabana ɗazu ba zan ce masa a'a ba.

Da safe muka naɗe kowace da bargo, muka rufe da tabarma saboda ruwa, muka ɗaure da igiya wajen kai da tsakiya da ƙafa. Nauyinsu ya sa sai da aka nemo ƙarti, kafin a gama kwantar da su a bayan mota, jere da juna, ayarin safe ya tashi ya bar mu. Aka ce in muka yi sauri za mu cim musu. Ba mu cim musu ba.

Mun yi nisa, a wata kwana da dawa ta matso har bakin kwalta, sai ga babura sun fito sun gicciya. Kowane da mutum biyu ko uku, fuskoki a naɗe da rawani, bindigogi a kan cinya. Garba ya taka birki. Na ji yana karanta abin da ya zo bakinsa.

Ɗaya ya zo tagata ya miƙo hannu, muka ba shi wayoyinmu ba tare da ya tambaya ba. Wani ya zagaya baya, ya taka taya ya leƙa. Ina kallonsa ta madubi. Na ga ya kai hannu zai taɓa igiyar, sai ya janye, ya sauko, ya yi wa babbansu magana a kunne.

Babban ya matso da babur ɗinsa har jikin ƙofata. Idanunsa kawai nake gani, jajaye. Ya nuna bayan motar da haɓa.

"Su wa na?"

Sai a lokacin na ga abin da suka gani. Abu biyu masu tsawon mutum, naɗe a tabarma, ɗaure a wuri uku. In na ce kayan Dubai ne, na gama faɗa masa ni wane ne, kuma daji za mu kwana. In na ce gawa ce ya sa aka kwance, ƙaryar ta ishe shi dalili. Garba ya ƙanƙame sitiyari, ba ya ko numfashi.

Na ce, "'Yan gida ɗaya na. Mafara za mu kai su."

Ya sake duban bayan motar. Sannan ya yi tambayar da har yau take tashe ni daga barci.

"Aikinmu na?"

Ya yi ta ne kamar mai tambayar farashin gero.

Na ce, "A'a. Zamansu ne ya ƙare a Maradun."

Wani daga cikinsu ya ce a duba aljihunmu, babban ya ɗaga masa hannu. Ya ja babur ɗinsa baya.

"Ku wuce. Allah ya jiƙan musulmi."

Garba ya ce amin, ni ma na ce amin. Motar ta mutu sau ɗaya kafin ta tashi. Ba mu yi gudu ba sai da kwanar ta ɓoye mu, daga nan kuwa ban san a-kori-kura na iya irin wannan gudun ba.

A shingen sojoji na kusa da Mafara muka tsaya muka faɗi abin da muka gani da inda muka gan shi. Suka shigar da mu rumfarsu suna ta tambayoyi, motar na tsaye bakin titi ba kowa ciki. Ashe tun jiya labari ya iso gari cewa an kama wasu baƙi biyu 'yan Mafara a Maradun, an ce infoma ne, taro ya rufe su. Rakiya ta kira wayata ta kira ta Garba har ta gaji. Yanzu kuma wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ya wuce shingen, ya ga motar Garba da ya sani, ya ga abin da ke kwance a bayanta, bai tsaya ba sai ƙofar gidana.

Mu ba mu san komai ba. Da muka karyo kwanar layinmu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jere, liman a tsakiya, wasu na ɗebo ruwa a buta. Na ce wa Garba, "Wa ya rasu?" Na buɗe ƙofa na sauko.

Wani dattijo maƙwabcina ya miƙe, carbinsa ya faɗi. Liman ya dube ni, ya dubi Garba, ya dubi bayan motar, ya ce, "To, waɗannan fa?"

Kafin in amsa Rakiya ta fito. Ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba, zanen gado ne a kanta, idanunta sun kumbura. Mata na riƙe ta tana fizgewa. Ta zo ta tsaya gabana, a gaban maza duka, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta kama hannun rigata ta murza, kamar mai duba yadi. Ta wuce wurin ƙaninta ta shafa kumatunsa da ya kumbura. Sannan ta dubi tabarmin nan biyu.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Sifikoki ne. Aro ne, ba saye ba. Na Bakura na zaɓa. Waɗannan in hanya ta yi kyau za a mayar."

Muryarta ba ta tashi ba da ta yi magana, amma har na ƙarshen tabarma ya ji.

"Ba za a mayar ba. Ba kai ba, ba Garba ba, ba ɗan kowa ba. A shigar da su, ka aika wa mai su haƙƙinsa. Na yi kukansu tun jiya, nawa ne."

Mutanen da suka zo ɗaukar gawata su suka ɗauki sifikokin, mutum huɗu-huɗu, suka shigar da su ɗakin ƙurya. Na aika wa Baba Ummaru da haƙuri, ya ce ya fahimta.

Masu tambayata wanne ya fi, amsata ba ta sauya ba, na Bakura sun fi. Na Maradun ne a ɗakina.